Neman Aure a Gonar Baba Taliya

Tun ranar Litinin da na koma ofis bakina bai huta ba. Wanda ya shigo da fayil sai ya ja kujera, wanda ya zo aron jarida sai ya manta da jaridar, kowa tambayarsa ɗaya: "Alhaji Isyaku, wai da gaske ne ka je gidan giya har ka kwana?" Kuma duk wanda na ba labari sai ya ƙara gishiri kafin ya kai wa na gaba, har jiya na ji wai an gan ni ina rawa a kan ganga. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna. E, na je. E, na kwana. A'a, ban sha ba. Wanda wannan kaɗai ya dame shi yana iya tsayawa a nan.

Asalin tafiyar ba tawa ba ce, ta Bitrus ce. Duk wanda ya san ofishinmu ya san teburina da nasa suna kallon juna tun muna Legas, aka kwaso mu tare da kujeru zuwa Abuja. Mutumin kudancin Kaduna ne, dattijo a cocinsu, irin cocin nan da ko lemo aka ba su sai sun karanta bayan kwalbar. Ban taɓa ganin mai tsoron abin kunya kamarsa ba. Ɗansa Dauda ya haɗu da wata yarinya mai suna Mariya a wurin bautar ƙasa, suka daidaita, lokaci ya yi da manya za su shiga maganar. Sai dai uban yarinyar Bature ne ɗan Italiya. Ya zo da kamfanin da ya yi hanyoyin Abuja tun tana daji, kamfani ya gama ya tafi, shi kuwa ya auri Bagwariya ya zauna a bayan Abaji. Sunansa ya gagari bakin mutane, suka sa masa Baba Taliya. Sana'arsa ce ta hana Bitrus sukuni: gonar inabi gare shi, shi da matarsa da 'yarsa suna yin giya irin ta ƙasarsu.

"Alhaji, kai za ka raka ni," in ji Bitrus. "In na ɗauki wani daga coci, kafin Lahadi labari ya kai kunnen fasto. Kai kuwa ba ka sha, kuma kana da mota."

Gaskiya ne ina da mota. Tun da sojoji suka koma bariki aka ɗan ƙara mana albashi, na sayi wata 'yar Kwatano mai ruwan toka, ni nake wanke ta da kaina, ko yarana ba sa cin gyaɗa a ciki. Na gaya wa Hajiya inda za ni. Ta dube ni, ta ce, "A dawo lafiya. Amma ka sani zumunci bai kai ga ɗanɗano ba."

Ranar Asabar da hantsi na isa gidan Bitrus a Garki. Na tarar da shi cikin kwat, ga akuya a ɗaure, ga ƙwaryar goro da buhun gishiri. Na kuma tarar da wata mata gajeriya kakkaura zaune a kan dakali, ta sha ɗaurin kallabi, ta rungume wata shuɗiyar jarka. Ashe yayarsa ce, Yaya Kande. Duk zamanmu da Bitrus ban taɓa ganinta ba, abin da na sani kawai yana da yaya "mai 'yar sana'a" a Mararaba. Ba shi ya gayyace ta ba, Dauda ne ya kai mata labari.

"Za a je neman auren ɗana ba ni?" ta ce, da wata murya da za ta iya tashin kasuwa. "Ina raye?"

Na gaishe ta, na ce, "Yaya, mene ne a jarkar?"

"Kunu ne, Alhaji ƙanena. Ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana."

Bitrus ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai duban wata. Ban kawo komai a raina ba. Muka sa akuya a but ɗin mota, Yaya Kande ta shiga baya da jarkarta, muka kama hanyar Lokoja.

Har Gwagwalada ba a yi wani abu ba sai bin bayan tireloli. Bitrus na ta maimaita jawabin da ya rubuta a takarda, akuya na amsa masa daga baya. A Abaji muka tsaya muka ci soyayyar doya, na tambayi mai doyar hanyar gonar Baba Taliya. Ta dubi hulata, ta dubi carbin da ke rataye a madubin mota, ta sake duban hulata, sannan ta nuna mini kwana. Daga nan kwalta ta ƙare, wayar salula ta ɗauke, rana ta buɗe irin ta bazara. Hanyar kuwa kamar an yi mata kunya-kunya za a shuka dankali. Muna cikin wannan jijjiga sai muka ji wata ƙara, fau! Na taka birki, Bitrus ya ce "Yesu!", na ce "Innalillahi!", kowa ya kira wanda ya sani. Na ɗauka taya ce. Da na waiwaya sai na ga murfin jarka a kan cinyar Bitrus, wani jan ruwa mai kumfa yana ambaliya a kan kujerar da ko gyaɗa ba a ci a kai.

Warin ya riga bayani isowa.

"Yaya," na ce, "wannan wane irin kunu ne?"

"Kunu ne mana. Ya dai kwana biyu."

Burkutu ce. Ita ce 'yar sana'ar da ake yi a Mararaba. Bitrus ya rufe fuska da takardar jawabinsa, yana cewa, "Alhaji, ka yafe mini, Alhaji, ka yafe mini." Yaya Kande ko a jikinta, ta toshe bakin jarka da totuwar masara tana jajanta wa kanta rabin da ya zube.

Ba mu yi nisa ba muka iso inda ƙasar Abuja ta ƙare. Ba allo, ba komai, sai wasu ƙarti uku da katako mai ƙusoshi a gicciye, suna neman takardar akuya. Babbansu ya zuro kai ta taga, ya shaƙa, ya ja baya, ya sake zurowa don ya tabbatar.

"Alhaji," ya ce a hankali, "gidan Baba Taliya za ku?"

Na ce e.

"Har da guzuri?"

Sauran biyun suka riƙe ciki. Kafin in buɗe baki Yaya Kande ta sauke gilashi. Ta tambaye su ko akuyar ubansu ce, ko sun taɓa ganin akuya da fasfo, ko uwayensu sun san a nan suke wuni. Ba ta kai ƙarshe ba suka janye katako, har ɗaya yana ɗaga mana hannu. Na yi shekaru ina aikin gwamnati ban taɓa ganin an wuce shinge da sauri haka ba.

Gonar ba ta da girma. Layuka ne na inabi an ɗora su a kan waya kamar shanya, an lulluɓe da tsohuwar komar kamun kifi saboda tsuntsaye, ga itatuwan kanju, ga gida mai jan rufi. Wani tsoho ya fito da gajeren wando, rana ta gasa shi ya yi ja kamar manja, hannu a buɗe. Bitrus ya rusuna zai gaishe shi irin na surukai, tsohon ya cafke shi ya sumbace shi a kumatu, dama da hagu. Bitrus ya sandare. Da na ga ya juyo kaina sai na yi maza na miƙa hannu biyu tun daga nesa.

Hausar Baba Taliya a wurin leburori ya koye ta, kuma a wurinsa kowane namiji mace ne.

"Ke ce Bitrus? Sannu da zuwa! Ina yaron? Ba ta da lafiya?"

Muka yi masa bayani cewa a wurinmu saurayi ba ya zuwa irin wannan zama, kunya ce, iyaye ke wakiltarsa.

"To ke za ki aure ta, ko yaron?" ya tambayi Bitrus. Ya girgiza kai. "Shekara talatin ina ƙasar nan, har yau ban gane ba."

Matarsa, Mama Ladi, ita ta cece mu. Mace ce mai natsuwa, ta karɓi goro da gishiri yadda ya kamata, ta sa aka ɗaure akuya. Sannan ta ja ni gefe ta ce sun ajiye zakara saboda ni, amma sun bar shi da rai don in yanka da hannuna, kada in yi shakkar nama. Na ji daɗin wannan ƙwarai, sai dai ba wanda ya gaya wa zakaran. Da babbar rigata ta shadda na zagaya gidan nan sau biyu kafin mu yi sulhu da shi a bayan randa. Da azahar ta yi na tambayi gabas. Baba Taliya ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon kamfas na masu awon hanya, ya tsaya a ƙarƙashin mangwaro yana lissafi da yatsu, ya ja layi a ƙasa da dunduniya. Ya ce shi ya fitar wa leburorinsa alƙibla a duk sansanin da suka yi, kuma ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙara.

Mu a gida, in an je neman aure, a gaisa, a sha ruwa, a faɗi abin da ya kawo mutum. Bitrus ya zaro takardarsa, wadda yanzu ta yi ja a gefe ɗaya. Tsohon ya ɗaga hannu.

"A'a. A ci tukuna. A ga aiki. Sannan magana."

Aka kawo taliya da miyar tumatir, an barbaɗa mata wani cuku mai warin safa da Mama Ladi ke yi da nonon Fulani. Taliyar ba ta gama nuna ba, wai haka ake so. Yaya Kande ta kwance bakin zane ta fito da ƙullin yaji. Muka ci muka ƙoshi, muka yi hamdala, muka gode. Sai aka kwashe kwanuka aka kawo zakara. Muka daure muka ci. Aka kawo ganye ɗanye da mai, aka kawo cuku zalla, aka kawo kanju. Ashe taliyar sallama ce kawai. Kuma duk wannan ba a tabarma ba, a tebur ɗaya, maza da mata, har da Mariya, yarinyar da muka zo nema, tana zaune tana musu da ubanta a kan maganin gara. Bitrus ya rasa inda zai sa idonsa. Sai da na yi la'asar aka tashi.

Daga nan Mariya ta ɗauki makulli ta kai mu wani ɗaki da aka haƙa a cikin ƙasa, ana sauka da matakala, sanyi kamar cikin randa. Gangunan katako a jere, kwalabe a kwance kamar jarirai. A nan na gane ita ce mai wurin. Uban na surutu, ita ke sanin wace ganga aka cika yaushe. Ta ce inabin ba ya isa, zafin ƙasar ya yi masa yawa, shi ya sa suke yi da kanju da zoɓo ma, amma bisa tsarin kakanninta na can.

Aka jera kofunan gilashi masu dogon wuya a kan tebur, aka ajiye bokiti a ƙasa. Baba Taliya ya miƙo mini wani kofi daban.

"Alhaji, naki yau da safe aka matse. Ba ta yi zunubi ba tukuna."

Ruwan inabi ne zalla, mai zaƙi. Na karɓa, na ja kujerata baya har bakin matakala, don ko an tambaye ni gobe kiyama in ce ba a teburin nake ba.

Yadda suke ɗanɗanon nan abin kallo ne. Ba a cika kofi, ɗan kaɗan ake zubawa kamar maganin tari. A ɗaga a duba launi, a juya shi a hankali, a zura hanci a lumshe ido kamar an tuna wani mamaci, a kurɓa, a wasa shi a baki. Sannan a tofar a bokiti. Da tsohon ya tofar da na farko Yaya Kande ta dafe ƙirji.

"Me ya faɗa ciki?"

Mariya ta ce ba komai, haka ake yi, don kada mutum ya bugu kafin ya kai na ƙarshe.

"Ku yi wata shida kuna wahala, sannan ku ba bokiti? Allah ya kiyaye. Miƙo nan."

Ta shanye farin, ta ce wannan ruwa ne da ya ji labarin giya daga nesa. Ta shanye jan, ta tauna baki, ta ce tsamiya ce da ta yi karatu. Da aka zo na kanju ta gyaɗa kai, ta ce, "Yauwa. Wannan ne namijin." Tsohon ya yi dariya har da buga tebur. Amma duk kofin da aka ajiye a gaban Bitrus yana nan yadda aka ajiye shi. Na biyar Mariya ta ɗebo kai tsaye daga wata ganga da ke lungu, ta ce wannan ita ce alfaharin babanta, ta bana. Shi ma Bitrus bai taɓa ba.

"Ke Bitrus, ba za ki sha ba? Alhaji na sani, addininta ne. Ke fa? A cocinmu limami da kansa yake sha a gaban jama'a."

"A namu ba a sha, Baba."

Dariyar ta bar fuskar tsohon. Ya zauna a kan wata ganga, ya yi magana a hankali, kuma a wannan karon ba wanda Hausarsa ta ba dariya. Ya ce ya yi shekaru yana yaƙi da gara da jemagu da rana kafin inabin nan ya yarda ya zauna. Ba shi da kowa a Italiya yanzu, ba shi da wani ɗa sai Mariya. In ta shiga gidan da ake ganin aikin hannunta ƙazanta ne, yau za a ce ta rage zuwa gona, gobe a ce ta bari saboda mutanen coci, jibi shi ya mutu a sare inabin a shuka rogo.

"Yaron na gan ta, tana da kirki," ya ce. "Amma yaro ba ta fi ubanta ƙarfi ba. Ba zan ba da 'yata inda za a ji kunyarta ba."

Mariya ta sunkuyar da kai tana juya makulli a hannu. Na dubi Bitrus na ga gumi na bin wuyan kwat ɗinsa duk da sanyin wurin. Jawabin da ya rubuta ba shi da amsar wannan. Don ya samu abin yi da hannunsa, ya ɗauki kofin nan na biyar zai matsar da shi gefe. Kofin ya gifta ta ƙarƙashin hancinsa. Sai na ga ya tsaya, ya yamutsa fuska, kuma kafin hankalinsa ya kama bakinsa ya ce:

"Wannan gangar iska na shigarta. Kwana kaɗan ta koma tsami."

Uba da 'ya suka dubi juna. Mariya ta ɗauki fitila ta nufi lungu, ta shafa bayan gangar, ta ɗago yatsunta a jiƙe. Toshiyar ta tsage ta gefen bango, inda ido ba ya kaiwa. Tsohon ya shinshina kofin sau uku kafin ya ji abin da Bitrus ya ji a wucewa ɗaya.

"Ke!" ya ce. "Ina kika san wannan?"

Yaya Kande ta fashe da dariya har tana share hawaye da bakin kallabi.

"Yaya, don Allah," in ji Bitrus.

"Don Allah me? Baba, wannan da kake gani da kwat, iyayenmu sun rasu yana ɗan shekara bakwai. Ni na riƙe shi, kuma ba da wa'azi na riƙe shi ba, da burkutu. Shi ke shanya mini tsiron dawa, shi ke juya tukunya kafin ya tafi makaranta. Ba na sayar da ko ƙwarya ɗaya sai ya shinshina ya ce ta yi. Duk ƙauyenmu ba hanci irin nasa. Rigar makaranta, littafi, takalmi, duk daga tukunyata. Turancin nan da yake yi wa mutane a ofis, in ka matse shi dawa za ta fito."

Na yi zaton Bitrus zai nutse cikin ƙasa. Sannan ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya miƙe tsaye.

"Gaskiya ta faɗa, Baba. Kuma na yi shekaru ina ɓoye ta kamar wata cuta, ko abokina wannan bai taɓa ganinta ba sai yau. Ni ba zan sha ba. Na ga mutanen da suka sha gonakinsu a ƙofar gidanmu, tun ina yaro na yi alkawari, ba zan karya shi don neman aure ba. Amma ba ni da bakin da zan hana 'yarka aikinta. Na ji kunyar mace ɗaya da ta ciyar da ni, ya isa. Ba zan ƙara ta biyu ba."

Yaya Kande ta daina dariya. Ta juya tana gyara totuwar da ke bakin jarka, wadda ba abin da ya same ta.

Tsohon ya waiwayo bakin matakala. "Alhaji, ke shaida ce?"

Na ce tun muna Legas ban taɓa ganin Bitrus ya sa hannu a takarda ya dawo ya ce ba shi ba ne. Na ƙara da cewa a rubuta, shaidar aure nake, ba ta ganga ba.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce shi ba ya yanke magana sai ya kwana a kanta. Sannan ya nuna jarka ya ce a zuba masa. Yaya Kande ta tsiyaya masa burkutu a kofin nan mai dogon wuya. Ya ɗaga ya duba, bai ga komai ta ciki ba. Ya juya, ya shinshina, ya kurɓa. Muka zuba wa bokiti ido. Ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa.

"Wannan ba giya ba ce," ya ce. "Abinci ce."

Daga nan suka shiga hirar tsiro da zafin wuta da kwana nawa ake bari, shi da Hausarsa ita da tata, kamar malamai biyu sun haɗu a kan mas'ala. Ni na haura sama na nemi omo da tsumma na koma wa kujerar motata.

Masaukin da aka ba mu ɗaki ɗaya ne ni da Bitrus, gado biyu da gidan sauro, tsaf-tsaf. Aibinsa ɗaya, a nan Mama Ladi ke ajiye cukunta a kan katako, ga shi jere a saman kanmu. Na kwanta ina tunanin a cikin wuni guda hancina ya ga abin da bai gani ba a shekara hamsin.

Da safe aka kawo gahawa a wani kofi kamar murfin kwalba, baƙa ƙirin, ɗaci kamar maɗaci, da biskit guda biyu. Wai karin kumallo ke nan, mutanen da jiya suka yi awa huɗu a tebur. Yaya Kande ta leƙa kofin ta tambaya ko kafin abinci ake sha ko bayan abinci. Mama Ladi ta yi murmushi ta shiga ta ɗumamo mana tuwo.

Muna gamawa Baba Taliya ya fito, yau da dogon wando, Mama Ladi a gefensa. Ya ce sun yi shawara, sun ba Dauda Mariya. Mama Ladi ta yi guɗa, Yaya Kande ta taya ta, akuya ma ta sa baki. Bitrus ya tambayi abin da za a kawo bisa al'ada. Tsohon ya ce wannan tsakaninsu da dangin Mama Ladi ne, shi nasa sharaɗi ɗaya ne: duk shekara in an cika ganguna, Bitrus ya zo ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba sha ba. Hanci kawai."

Bitrus ya matso kusa da ni ya rage murya. "Alhaji, shinshinawa laifi ne?"

"Ni kake tambaya? Ka tambayi fastonku."

"Shi ne fa ba na so."

Ya amince. Kuma ba a bar shi ya tafi ba sai da ya fara aiki a ranar. Ina tsaye a bakin matakala ina kallon dattijon coci da kwat yana bin ganguna yana sunkuyawa, Bature na biye da shi da alli yana jiran hukunci. Ya wanke goma daga zargi, ya kama ɗaya da laifi. Wajen sallama tsohon ya sake sumbatarsa dama da hagu, wannan karon har Bitrus ya ɗan miƙa kumatu. Ni ma ban tsira ba, ya same ni ina buɗe ƙofar mota.

Muka kamo hanya gilashi a sauke. Muka hau kwalta, muka wuce Abaji. Wajen Kwali ne Bitrus ya yi gyaran murya, bai waiwaya ba, ya ce:

"Yaya."

"Na'am."

"Ranar biki a babban tebur za ki zauna, kusa da ni. Ni zan gabatar da ke da bakina, a gaban fasto da kowa."

Na saci kallonta ta madubi. Tana kallon waje, tana ta ƙifta ido. Sai da muka wuce tirela biyu sannan ta ja hanci ta ce:

"To. Amma ka gaya masa kada ya ja wa'azi. Ranar Asabar ina da tukunya a wuta."